Hannuwan Bangon Sito

Ku da kuke latsa kwamfuta ta tofo muku hoton mutum a kan leda kafin shayi ya huce, na ji kuna cewa aikinmu na da ba wani abu ba ne, wai burushi ne kawai da gwangwani. To, ku gyara zama. Sunana Ishaya, amma a Kafanchan in ba ka ce Ishaya Mai Fenti ba, wani mai facin taya za a nuna maka. Na rubuta allunan shaguna, na zana zaki a bayan manyan motoci, na rubuta ayoyi a bangon majami'u. Sai dai aikin da zan ba ku labarinsa bango ɗaya ne tak, kuma da hannuna na rufe shi har sau biyu.

A wajen wani mutumin Gabas na koyi aiki, Oga Okoro, mai shago kusa da tashar jirgi. Shekara guda cur bai bar ni na tsoma burushi a fenti ba. Aikina wanke burushi da kananzir, riƙe tsani, da buga layi a bango da zaren da aka turbuɗa cikin bula. Ƙananan burushinmu ma da kanmu muke ɗaure su da gashin jelar akuya. Rannan ya tura ni ni kaɗai in shafe wani kicin. Na tarar da tsohon fentin mai a bangon, na ga kankare shi wahala ce, sai na jiƙa farar ƙasa na lafta a kai. Wuri ya yi fes, matar gidan har da ba ni abinci. Damina ɗaya aka yi, farar ƙasar ta fara zuba mata cikin tukunyar miya. Oga Okoro ya kama kunnena ya ja ni har kicin ɗin.

“Duba da kyau,” in ji shi. “Farar ƙasa ba ya kama fentin mai. Yana kwana a kai ne kawai, kamar baƙo. Wata rana zai tashi ya tafi.”

Kunnen ya yi kwana uku yana zafi, maganar kuwa ban manta da ita ba.

A shekarar 1987, 'yan watanni bayan rikicin da ya girgiza garin, lokacin da mutane ke gaisawa a kasuwa ba tare da haɗa ido ba, wani dattijo ya zo shagona. Baba Gaiya sunansa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Duk inda jirgi ya kai shi, daga Inugu har Fatakwal, faifan waƙa yake sayowa, har matarsa ta ce ko su ko ita a ɗakin. Sai ya kama hayar wani tsohon siton citta a bayan layin dogo, ya ce zai buɗe kulob. Bai wahalar da kansa neman suna ba, Sito kowa ke ce wa wurin.

Kada ku ɗauka irin otal ɗin nan ne da ake sakin disko ana tsalle. Baba Gaiya mutum ne mai taurin kai a kan kiɗa. Zai sa hailaif, ya bi shi da kiɗan Kwango, sannan ya kashe rediyon ya ce masu busa ƙaho da suka gangaro daga kan dutse su shigo fili. Bayansu 'yan kalangu, bayansu ɗaliban kwaleji su yi ɗan wasan kwaikwayo. Wata mata mai rini tana rataye zannuwanta a bango ɗaya, mai so ya saya. Kujerun da tsofaffin katakon layin dogo muka yi su. Fitilun kuwa ƙwarya na huhhuda da ƙusa mai zafi na kifa a kan ƙwan lantarki, haske ya riƙa fita ɗigo-ɗigo. Babban bangon gabas shi ya bar mini, ya ce in yi abin da na ga dama.

Abin da na fara zanawa da fentin mai jirgin ƙasa ne ja wur, don in faranta masa. Kwana huɗu na yi a kansa. Da aka rufe ƙofa aka kunna jan ƙwai, sai jirgi ya ɓace, ya bar ƙafafunsa da hayaƙi a tsaye.

“Ishaya, ina jirgin?” in ji Baba Gaiya. “Ya riga ya tashi ne, abi ya yi leti kamar na gwamnati?”

Ranar na san jan haske yana cinye jan fenti, shuɗi yana mai da rawaya kamar dagwalo, kore kuma yana sa fatar mutum ta yi kamar ta marar lafiya. Ba wanda ya koya mini wannan, domin Oga Okoro don rana yake fenti. Daga nan na sake tsarin aiki. In na zo da safe sai in toshe tagogi da buhuna, in rufe ƙofa, in kunna fitilun da za a kalli aikin da su, in haɗa kala a ƙarƙashinsu. In an ɗauke wuta, in zauna a kan tsani in jira.

Haka na yi shekara biyar. Ni ba na shan giya, ƙafata kuma ba ta san rawa ba, saboda haka ban cika ganin Sito a cike ba. Na fi saninsa da hantsi, kujeru a kife, warin giyar jiya da tsohon ƙamshin citta da ya ƙi barin siminti, sai ƙarar jirgi can a waje. Mutane na ta harkarsu cikin rana, ni ina kulle cikin duhun da na ƙirƙira wa kaina. Da kaɗaici, ba zan ɓoye muku ba. Wani lokaci sai in kama kaina ina yi wa gwangwanin fenti magana.

Baba Gaiya ya so duk wanda ya taɓa wasa a Sito a zana shi a bangon nan. A nan muka ci karo da Kafanchan. Garin da kowa ya san kakar kowa, wa zai yarda a manna fuskarsa a gidan giya? Mai bugun ganga ran Asabar shi ne mai ba da waƙa a kwayar majami'a ran Lahadi. Mai kalangu yana da surukai a unguwar kasuwa. Har mai hoto ba a bari ya shigo. Sai na ce, to, a bar fuska, zan zana hannu da abin kiɗansa. Kowa ya yarda. Duk sabon makaɗi sai ya zo da rana ya zauna mini, in ɗauki fasalin hannunsa da gawayi a takardar buhun siminti. Kafin shekara uku bangon ya cika da hannuwa sama da arba'in, kowanne riƙe da abinsa, babu kai babu suna.

Ku da kuke ganin fuska ita ce wahala, ku gwada hannu. Fuska in ka ɗan kauce, sai a ce ai ya rame ne. Hannu in ka kauce, ƙafar kaza ka zana.

A cikinsu duka, biyu na fi ji da su. Bitrus makanike ne a shedin jirgi, mawaƙin majami'a, mai jita da dariyar da ake ji daga tsallaken layi. Malam Haladu kuwa tela ne a cikin kasuwa, ɗan limamin unguwarsu, mutum mai kunya da ba ya ɗaga murya. Kukuma yake yi, irin ƙaramin gogen nan, a ɓoye ya koya tun yana yaro, kuma a cikin jakar yadi yake kawo ta ta ƙofar baya. Ba ya taɓa kwalba. Baba Gaiya ya ajiye masa buta da tabarma a bayan sito. In zai yi wasa, bayan labulen mai rini yake zama, mutane su ji sauti ba su ga mai yi ba. Duk Alhamis da yamma sukan zo su biyu su gwada kiɗa, ni ina kan tsani. Wannan yammar ita ce kaɗai nake da abokan zama a mako.

“Malam, ka bi ni sannu mana,” Bitrus zai ce. “Wannan kukuma naka yana kuka kamar an mutu. Hailaif ne fa!”

“Kai ne kake gudu kamar an biyo ka,” in ji Haladu. “Jira ta gama maganarta tukuna.”

Sai su sake, jita ta ja baya, kukuma ta shiga gaba, har in manta fenti yana ɗiga mini a gwiwar hannu.

Na zana su a tsakiyar bango, hannun wannan kusa da na wancan. A nan na yi kuskure, kuma ƙwarewa ce ta ja ni. Haladu bahago ne, da hagu yake riƙe ɗan bakan kukuma. Kan manuninsa na hagu a guntule yake, keken ɗinki ya taɓa cinye shi, kuma yana sa zoben azurfa mai faɗi. Duk na sa, har ƙurar alli a gefen babban yatsa. Da ya gani sai ya ce, “Ishaya, ka cika gani.” Ni kuwa na ɗauka yabo ne. Ban tsaya na tuna cewa a kasuwar Kafanchan kaf tela bahago mai guntun yatsa ɗaya ne ba, kuma rabin gari sun zuba wa hannun nan ido yana yanka musu yadi. Masu zuwa Sito sun gane, amma wanda ya faɗa sai ya fara bayanin abin da ya kai shi can, saboda haka bakin kowa ya mutu.

Mummunar shekararmu ita ce 1992, da abin da ya faru a Zangon Kataf. Ba zan ba ku wannan labarin ba, iyayenku sun san shi. Sito ya yi makonni a rufe. Da abubuwa suka ɗan lafa, mai ginin ya zago da wasu 'yan kasuwa masu neman wurin ajiya, da rana tsaka, tagogi a buɗe. Ɗayansu ya tsaya gaban bangon ya daɗe. Kafin kwana uku magana ta game kasuwa, wai ɗan liman yana yi wa mashaya kiɗa alhali ana zaman makokin 'yan'uwansa. A ɗaya ɓangaren kuma aka tare Bitrus a bakin majami'a, aka ce shi ke shigo da masu leƙen asiri.

Ran Alhamis da safe ina Sito ina kwance fitilun ƙwarya, sai ga Haladu, ba jakar yadi.

“Ishaya, ka shafe ni.”

“Malam, hannu ne kawai. Babu suna.”

“Babana ya ce gobe in an sauko daga masallaci zai zo ya gani da idonsa. Ya tambaye ni a gaban ƙannena, na ce ba ni ba ne. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya.”

Na ce zan rufe nasa shi kaɗai. Ya girgiza kai. Gaskiyarsa, faci ɗaya a tsakiyar bango ya fi hannun tona asiri. Sai dai duka. Baba Gaiya yana zaune a kan katako, bai ɗago kai ba ya ce, “Yi mashi. Bango ne, ba mutum ba.”

“Ka yi mini alkawari ba zai sake fitowa ba,” in ji Haladu.

Na ce na yi.

Ina da galan biyu na fentin mai a shago, sun isa su kashe bangon har abada. Na je na tsaya a kansu. Sai na wuce su, na ɗauko buhun farar ƙasa. Na san abin da nake yi sarai, kunnena ma ya sani. Shekara biyar na rayuwata ke kan bangon nan, na kasa. Na jiƙa ta da kauri, na yi shafa uku, kafin la'asar wuri ya yi fari tas. Washegari liman ya zo da mutum biyu, tsoho mai sanda. Ya dubi farin bango, ya dubi ɗigon da bai gama bushewa ba a ƙasa, ya dube ni. Na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya juya.

Shafar ba ta ceci kowa ba. Masu kawo wa Haladu ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen shekara ya ɗora kekensa a mota ya koma Mararaban Rido. Sito ya sake buɗewa, amma 'yan kalangu ba su dawo ba, masu ƙaho ma suka ce hanya ba kyau. Baba Gaiya ya kwashe faya-fayansa ya koma ƙauye. Bitrus ya daina taɓa jita in ba a majami'a ba, bayan shekara uku ya yi 'yar jinya ya rasu. Ni na koma rubuta allunan kemis. Kowace damina in na bi ta bayan layin dogo sai in tuna farar ƙasar, ina tsoron baƙon nan ya tashi, ina kuma so ya tashi. Ban gaya wa kowa ba, har matata.

A 1998 wani Alhaji mai sayen citta ya aiko a kira ni. Shi ya karɓi ginin, ya mai da shi sito kamar da. Ya ce farin gari yana zubo masa daga bango cikin kaya, masu saye suna ƙorafi. Fentin mai yake so, kuma a gama kafin yammacin Litinin, lokacin da motocinsa za su iso daga Kwoi. Ya ba ni makulli ya tafi.

To, ga abin da kwamfutarku ba ta sani ba. Ba a sa fentin mai a kan farar ƙasa mai zuba. Sai an kankare ta duka, an wanke bango, an bar shi ya bushe. Wato kafin in kashe aikin nan da gaske, dole in fito da shi gaba ɗaya. Na sa wuƙar kankara, farar ƙasa ta riƙa faɗowa falle-falle ba gardama. Na bi da soso da ruwa. Ga masu ƙaho, ga 'yan kalangu, ga yatsun mai rini shuɗi har wuyan hannu. Ko kala ɗaya ba ta koɗe ba. Na zauna a kan bokiti ni kaɗai a gabansu, na lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka bar gari, sai na ga waɗanda suka rage ba su cika benci ɗaya ba.

Bango na buƙatar kwana biyu ya bushe. Na kulle ƙofa na shiga motar Kaduna.

Na sami Haladu a bakin titi a Mararaban Rido, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, yana yi wa wani direba facin wando. Gemunsa ya yi furfura. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini ruwa. Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa kai tsaye.

“Malam, na ci amanarka. Farar ƙasa na sa rannan.”

Bai tsayar da keken ba. “Na sani.”

“Ka sani?”

“Na dawo da azahar na tsaya a bakin ƙofa. Ban ji warin kananzir ba. Shekara nawa ina zaune ƙarƙashin tsaninka?”

“To, me ya hana ka magana?”

“Kai me ya hana ka sa na mai?”

Ya cije zare, ya miƙa wa direba wandonsa. Ya ce mahaifinsa ya rasu bara, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da zancen ba. Ya ce labarin Bitrus sai bayan wata biyu ya iso shi, a bakin wani kwandasta. Kukumar tana cikin akwati, tsirkiyarta ta tsinke tun tuni.

“Ko hoton Bitrus ba ni da shi,” in ji shi. “Hannunsa ya fito?”

Na ce ya fito, amma ran Litinin citta za ta shigo. Ya tashi ya rufe keken da zane.

Da hantsin Lahadi muka shiga Sito ta ƙofar baya, shi ya zaɓi hakan. Na toshe tagogi da buhunan Alhaji. Ina da jan ƙwai ɗaya da shuɗi ɗaya da na adana a cikin safa, na ɗaura su, Allah ya sa akwai wuta. Haladu ya tsaya a tsakiyar ɗaki, hannuwansa a baya. Ya daɗe ƙwarai. Can ya matsa kusa da jita.

“Ka ƙara masa tsawon ɗan ƙaramin yatsa,” ya ce. “Nasa bai kai haka ba. Shi ya sa kullum yake gudu, don kada a ji inda ya kasa kaiwa.”

Ya yi 'yar dariya, ya share fuska da hannun riga. Na ce in yana so zan roƙi Alhaji a bar tsakiyar, a jera buhuna a gabanta. Ya ce a'a, ƙannensa suna nan a kasuwa da 'ya'yansu, kuma alkawari na nan inda muka bar shi. Na buɗe galan, na motsa, warin ya cika ɗakin. Ya miƙo hagunsa na ba shi burushi. Ya shafe kukumar, ya shafe zoben, ya shafe guntun yatsan, a tsanake, ba ɗigo ko ɗaya. Da ya iso gefen hannun Bitrus sai burushin ya tsaya. Ya tsoma shi a galan, ya ɗaga, ya sake tsayawa. Sannan ya juyo ya miƙa mini.

“Wannan kai ne mai sana'a,” ya ce. “Bari in fita tukuna.”

Na ji ƙofar baya ta rufe. Na fara daga kusurwar sama kamar yadda aka koya mini, na bi layi-layi, na bar jita sai ƙarshe. Washegari da sassafe na dawo na yi shafa ta biyu, domin shafa ɗaya takan nuna abin da ke ƙasa. Da Alhaji ya zo da la'asar, bayan fenti ya sha iska, ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya duba, babu gari.

“Wannan zai riƙe, ko Mai Fenti?”

Na ce, “Zai riƙe, Alhaji. Wannan ba ya fita.”